Gammo a Kan Sirdi

Shekara tara na yi ina rabon burodi a kan keke, kuma a cikin taran nan akwai biyu da ban taɓa ba kowa labarinsu ba. Mu maza haka muke. Za mu zauna a teburin mai shayi mu feɗe gwamnati daga kai har wutsiya, mu faɗi wanda ya cinye kwaltar unguwa, mu faɗi wanda zai ci ƙwallo ranar Asabar, amma ranar da abin da ke cikin wandon mutum ya samu matsala sai ka ga ya zama bebe. Ni ma bebe na zama. Wuyar bebancin kuwa matata ce ta sha, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifina ya kwanta bai tashi ba. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a ransa, kada ya zo ya dame ni.

Zamanin soja ne, lokacin da mutum zai wuni a layi saboda gwangwanin madara ɗaya da sandar sabulu. Na samu aiki a wani gidan burodi a nan Unguwar Kanawa cikin Kaduna, kusa da gidan hayar da nake zaune. Keken nawa ne na kaina, baƙi mai sanda, irin wanda in ka goge shi da tsumma da ɗan kalanzir kana ganin fuskarka a jikinsa. A kan kariyar baya ake ɗaure akwatin katako, wanda ya fi kaina tsawo in na zauna. Ana sallame sallar asuba zan loda, in bi masu shayi da masu tireda ɗaya bayan ɗaya, Unguwar Shanu, Abakwa, in dawo in sake lodi in nufi Badarawa.

Mu 'yan burodi muna da namu salon ɗaura sirdi, wato kujerar keke. Za ka ja shi sama iya tsawon ƙafarka, sannan ka ɗaga hancinsa ya kalli sama kamar zakara zai yi cara. Muna da hujja: akwatin nan yana tura mutum daga baya, in ka zo gangara sirdinka a kwance sai ka zame ka faɗa kan sanda, hancin ne ke tare ka. Sifirin kuwa, ƙarafan nan biyu masu murɗe da ke ƙarƙashi, cire su muke yi, wai suna sa mutum rawa in ga kaya a baya. Mu cusa guntun katako a wurin, mu naɗe da robar tsohon tub ɗin taya, ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Wanda ya bar sifirin a kekensa, sunansa tsoho. Gaskiyar magana rabin hujjar tamu burga ce. Mutum yana so a hango shi can sama, ƙirji a waje, yana kaɗa ƙararrawa.

A shekarata ta uku a wannan aiki na yi aure. 'Yar wani mai wankin hula ce a Rafin Guza. Ba ta yi boko ba, allo ta yi. Ba ta da yawan magana, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. Tun ranar da aka kawo ta take ce mini Malam, ni da ko izu biyar ban haɗa ba, ni kuma nake ce mata Amarya, har yau da furfura ta fara leƙo mata. Cikin kayan ɗakinta akwai matashin kai guda biyu da kakarta ta cusa da hannunta da audugar rimi, ta aiko daga ƙauyensu can wajen Zariya. Ɗaya nawa, ɗaya nata.

Watannin farko lafiya lau. Ta haddace ƙarar ƙararrawata, tun ina bakin lungu take fitar da ruwa a buta. Ni kuma nakan ɓoye mata burodin da ya fi ƙonewa a gefe, don na lura ɓawon take so, cikin sai ta tura mini.

Sai wani abokin aikinmu ya bar aiki ya koma garinsu, aka haɗa mini hanyarsa da tawa: Kawo, Hayin Banki, har gangaren Rafin Guza. Wanda ya san wuraren nan a wancan lokaci ya san ramuka ne aka jera aka kira su hanya. Daga asuba har azahar ina kan ƙarfe, wata rana in sake fita bayan la'asar.

Abin a hankali ya zo. In na sauka daga keke sai in ji tsakanin cinyoyina ya mutu, kamar yadda ƙafa ke mutuwa in ka daɗe zaune a kanta wajen wa'azi. In ɗan taka, in yi alwala, sai ya dawo da tsira-tsira kamar ana soka allura. Na ce gajiya ce. Daga baya ya zama sai yamma yake dawowa. Daga baya ko na mintsini wurin ba na ji. Fitsari ma sai na yi ta jira a tsugune kamar mai jiran mota. Sannan wata rana na nemi iyalina, jikina ya ƙi amsawa. Na ce gobe. Goben ma haka. Ba zan tsawaita ba, mai aure ya gane.

Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa na yi. Abin da na yi daga nan shi nake jin kunyarsa. Na koma neman ta da faɗa. Miya ta yi gishiri. Ruwan wanka ya huce. Wa ya taɓa mini rediyo. Duk don in samu dalilin juya mata baya in fuskanci bango. Ita kuwa sai ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta ƙara wa miyar ruwa. Ta san gishirin daidai yake. Ni ma na sani.

Ranar Talata in na gama rabo a Kawo sai in jingine keke nesa, in zagaya bayan kasuwa wajen wani mai magani da ke da lasifika a kan tsohuwar mota. Muryarsa har yau tana kunnena: "Ina maigidan da ya koma yayan matarsa? Ina wanda ake kwana da shi kamar an kwana da buhun gero? Matso, kada kunya ta kashe ka!" Mutane na dariya, kowa na yi kamar wucewa yake. Ranar farko na rage murya na ce masa wani abokina ne ba shi da lafiya.

"Allah sarki, abokin nan," in ji shi, yana ƙulla gari a takarda. "Tun ina saurayi nake wannan sana'a, kullum abokinsa ake aikowa. Ban taɓa ganin mai ciwon da idona ba. Ka gaishe shi, ka ce ya sha da nono."

Shi ya ce sanyi ne. Wani a bakin tasha ya ce basir ne mai tsiro ta ciki. Wani kuma ya ce sammu na taka a hanya, ni da ƙafata ta fi sanin feda a kan ƙasa. Na sha gagai, na sha saiwa, na sha abin da ban san sunansa ba, na yi gudawa har wandona ya yi mini yawa. Kowace safiya kuma in haye sirdin nan mai hanci sama in tafi. A cikinsu duka babu wanda ya tambaye ni sana'ata, ko mutum ɗaya. Ɓarayi kawai. Asibiti kuwa ban je ba. In je in ce wa wa? Yarinya 'yar nas ta tambaye ni me ke damuna, ga layi a bayana kowa ya kasa kunne?

Sai Inna ta shigo maganar. Mahaifiyata ke nan, tana zaune a Unguwar Shanu wajen ƙanena. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa bango, ko akuya, ko duk wanda ke kusa: "Wasu dai sun daina gaida mutane." Ni ne wasu. Ni ma in zan amsa sai in kalli ƙasa in amsa wa ƙasa. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa jin ta rage ni da komai ba. In ta dafa abu mai daɗi, nawa ake fara ɗiba a rufe.

Da aure ya shekara ɗaya da rabi babu labari, Inna ta fara zuwa gidanmu duk Juma'a, daidai lokacin da nake dawowa da wuri saboda masallaci. Tana zuwa da kwalba a ƙarƙashin mayafi, jiƙon sassaƙe baƙi ƙirin da wata tsohuwa ke haɗa mata, wai yana wanke mahaifa. Ko warinsa ka ji sai ka yamutse fuska.

Ranar farko ina zaune a bakin ƙofa ina ɗiga wa sarƙar keke mai. Inna ta zauna a tabarma, ta zuba a kofin silba, ta miƙa.

"Shanye, yarinya. Ba ƙin ki nake ba, Allah Ya sani. Amma shekara ta zagayo, ta kusa sake zagayowa, ko ɓari babu. Sa'o'inki na Rafin Guza duk da goyo."

Amarya ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, kallon mai tambaya: za ka yi magana, ko in sha? Na sunkuya na ci gaba da juya feda da hannu, sarƙa tana ƙara. Ta kafa kai ta shanye. Ta ce, "Na gode, Inna. Allah Ya saka da alheri."

Da ta buɗe baki da kalma ɗaya, da ta wanke kanta. Matan gidan haya sun fara yi mata habaici a bakin famfo. Iyayenta sun tambaye ta ko akwai wata matsala, ta ce babu. Inna takan bar kwalbar, a sha safe da yamma har wata Juma'ar, kuma haka Amarya take sha, ta zagaya bayan ɗaki ta yi amai a hankali kada a ji. Sau ɗaya na ce mata, ina kallon wani wuri, "Ki riƙa zubarwa mana." Ta ce, "Inna za ta tambaye ni ko na sha. In ce mata me?"

Na ga ba zan iya magana ba, ba zan kuma iya ci gaba da kallo ba. Sai na yanke irin shawarar da matsoraci ke yankewa yana ganin jarumta ce: in sawwaƙe mata, ta je ta auri lafiyayye ta haihu, duniya ta ga ba ita ba ce. Wata rana da rana tsaka na tsaya a gindin wani mangwaro a hanyar Rafin Guza, na yagi takarda daga littafin rubutu. Na sa sunana, na sa nata, na sa cewa ba ta yi mini laifin komai ba. Kalma ɗaya na bar gurbinta, wadda ke raba aure. Biro ya ƙi zuwa wurin. Na ce gobe zan cike. Na ninke takardar na cusa a 'yar jakar fata da ke rataye a bayan sirdi, inda nake ajiye sifana da gam ɗin faci. Ta yi watanni a wurin, kullum ina zaune a kanta.

Da damina ta yi nisa, wata safiya bayan ruwa na zo gangaren Rafin Guza da cikakken akwati, na matse birki, birki ya ce bai san zancen ba. Ni da keke da burodin mutane muka tare a cikin kwata. Tsintsiyar hannuna ta dama ta karye. Mai ɗori ya ja, na yi ihun da aka ji a lungu uku, ya jera karare ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada in ɗauki ko buta da hannun. Aka jingine keke a lungun tsakar gida aka rufe da buhu.

Da yake hannun dama ne, Amarya ce take ba ni tuwo a baki, ta saki labule kada maƙwabta su gani. Ita take zuba mini ruwan alwala, ita take ɗaure mini mazagin wando. Mutumin da ya shekara yana yi mata tsawa a kan gishiri.

A sati na uku ina zaune sai na ji tsira-tsiran nan ya dawo, wanda har na manta da shi. A sati na biyar abin da ya mutu ya tashi. Nan ma ba zan tsawaita ba. Abin da zan faɗa shi ne, da safe na ji ta tana shara tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabona da ji tun tana sabuwar zuwa, na zauna a bakin gado da hannu a ɗaure na yi kukan da ban yi ba ranar ɗori.

Ni a wautata sai na ce maganin ƙarshe ne ya ci, wani jan gari da nake sha kafin in faɗi. Har ina cewa in na warke zan kai wa mai shi goro. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, in yi wata magana, ba za ka yi fushi ba?"

"Sai na ji."

"Garin nan ai tun kafin azumi kake shan sa. Abin da ka daina dai shi ne hawan keke."

"Keke? Keken da ke ciyar da ke?"

"Ban ce a yar da shi ba. Ko da ƙaramar Sallah da kuka huta kwana uku na ga tafiyarka ta sake. In ka sauka daga kansa kana buɗa ƙafa kamar ɗan kaciya."

"To, likita. Yaushe aka ba ki takardar?"

"Ni ba likita ba ce. Ni ce dai nake wanke wandunan, na san inda suke cinyewa."

Na yi tsaki na fita. Ranar ce ta farko da maganar ta fito fili tsakaninmu, kuma da tsaki na amsa. A ce wa mutum abin da yake taƙama da shi, abin da yake gogewa kafin ya wanke fuskarsa, shi ne ya nakasa shi? Gara a ce mini maye ne ya kama ni.

Aka kwance ɗori, na koma aiki da sirdina yadda yake. Sati uku bai cika ba wurin ya sake mutuwa. Wannan karon na sani. Ina tafiya ina sani, kowane rami na faɗa sai in ji maganarta. Amma sai na koma ga bangona.

Wata Laraba na dawo daga sallar la'asar na tarar da audugar rimi tana yawo a tsakar gida, ta manne a igiyar shanya, ta manne a gashin idon Amarya. Tana tsugune gaban keke da allura da zare. Matashin kanta, wanda kakarta ta cusa, yana gefe a farke, rabin cikinsa ya tafi. Matar maƙwabcinmu tana tsaye da muciya a hannu tana dariya.

"Maigida, zo ka ga ikon Allah. Ni ko maɓallin mijina ban ɗinka ba wannan watan, ga wata tana yi wa keke ɗinkin Sallah."

Da ta shige ɗakinta na matsa kusa. Abin da Amarya ta ɗinka zagaye ne, mai kauri a gefe da gefe, da rami a tsakiya ya miƙe har gaba. Ta yi shi da ƙyallen atamfar da ya rage daga kayan aurenta, mai ruwan goro da furanni, ta sa masa igiya huɗu ta ɗaure a ƙarƙashin sirdi.

"Mene ne wannan?"

"Gammo."

"Gammo ai a ka ake sa shi."

"Inda kaya ya danne ake sa shi. Tun ina ƙarama nake ɗaukar tulu. In babu gammo, tsakar ka ce ke ɗaukar nauyin, sai ta mutu, ka taɓa ka ji kamar ba jikinka ba. In da gammo, gefe ne ke ɗauka, tsakiya ta huta." Ta ciji zare ta tsinke. "A nan dai kai ne tulun. Amma duk ɗaya ne."

Ta riƙa tattara audugar da ta zube tana mayarwa cikin ragowar matashin, sannan ta rage murya, ba ta dube ni ba.

"Da zan zura igiya na buɗe 'yar jakar nan. Akwai takarda a ciki. Ban taɓa ta ba."

"Kin san ta mece ce?"

"Ka san ban iya boko ba. Amma takardar da aka ninke har ta yi laushi, aka ɓoye ta inda mace ba ta kai hannu, ba ta burodi ba ce." Ta kama bakin matashin tana ɗinkewa. "In tawa ce, ka miƙo mini da hannunka, in ji daga bakinka. In ba tawa ba ce, ka cire ta, ta tare wa sifana wuri."

Ta tashi ta koma wajen murhu, ruwan tuwo na tafasa. Na ciro takardar na bi ta, na tsuguna na cusa ta ƙarƙashin tukunya. Ta kama nan da nan. Amarya ta tura itace a kai ta ce, "Matsa, Malam, ka tare mini wuri, zan yi talge."

Washegari na shiga gidan burodi da furanni a ƙarƙashina. 'Yan burodi suka yi mini caa. "Ango, zanen uwargida ka aro?" "A kawo masa ɗankwali ya cika!" Wanda ya fi kowa ɗaga hancin sirdi shi ya fi kowa dariya. Bayan wata biyu shi ne ya tare ni a bayan gidan, yana kallon gefe, wai wani abokinsa ne ke tambaya ko matata tana ɗinka na sayarwa.

Da na gama rabo a ranar na biya Unguwar Shanu wajen wani tsoho mai gyaran keke da ke zama a gindin dalbejiya. Shekara da shekaru yana yi mini faci, ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Na ce ya duba mini birki. Ko kallon birkin bai yi ba. Ya latsa gammon da babban yatsa, ya bi ramin tsakiyar, ya ɗaga ya ga katakon da robar.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Iyali."

"Ta fi ka hankali. Shekara nawa da auren?"

"Biyu da wani abu."

"Yara fa?"

Na kalli ƙasa. Ya gyaɗa kai ya jawo sifana.

"Ɗan nan, Allah Ya yi maka ƙashi biyu a mazaunai don zama. Ka bar su, ka ɗora nauyinka a kan jijiyar da ba a yi ta don zama ba, ka kuma sa mata katako, kana dukan ta da kowane rami na Kaduna. Tiyo in ka taka shi, ruwa zai wuce?"

Ya kwance sirdin gaba ɗaya ya jefa cikin tarkace. Ya tono wani tsoho mai faɗi, na fata, da sifirin ɗinsa biyu, ya ɗaura, ya sauke shi ƙasa kaɗan, ya kwantar da hancin daidai, har ya ɗora kwanon ruwa ya ga bai karkace ba. Sannan ya mayar da gammon a kai da kansa, ya ƙulla igiyoyin yadda ta ƙulla. Ya ce in na hango rami in miƙe a kan feda, in na zo hawa in sauka in tura, tura keke ba ta taɓa kashe namiji ba.

"Baba, kana ganinmu kullum da sirdin nan. Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Ba ku ne kuke ce wa mai sifirin tsoho ba?" Ya goge hannu da tsumma. "Ni babu wadda ta ɗinka mini gammo. Sai da matata ta tafi na gane."

Na biya shi, na hau na tafi.

Saura abu ɗaya, kuma ya fi karayar hannu ciwo. Juma'a ta zo, Inna ta zo da kwalbarta. Ta zauna, ta zuba, ta miƙa. Amarya ta sa hannu biyu za ta karɓa. Ina bakin ƙofa inda na saba zama, keke a gabana. Ɗan fari ba ya yi wa uwarsa maganar shimfiɗa, ko sunan matarsa ba ya kira a gabanta. Sai na yi irin ta Inna. Na kalli keke, na yi wa keke magana.

"Wasu dai ana ba su maganin ciwon da ba nasu ba. Mai ciwon yana nan zaune, shekara biyu ke nan. Ƙarfen nan ne ya taɓa shi, an gano, ana kan gyara. Ita lafiyarta ƙalau. Asirinsa take rufawa."

Amarya ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Inna ba ta juyo ba. Hannunta da kofin yana nan a miƙe. Can ta janye shi. Ta tashi da ƙyar, ta ɗauki kwalbar, ta taka har bakin kwata ta tuntsurar da ita duka, ta tsaya har ɗigon ƙarshe. Ta ɗauraye kofin da kanta, abin da ba ta taɓa yi a gidana ba.

Sannan ta ce wa bango, "Wasu an haife su da baki, amma sai 'yar mutane ta shanye rijiyar maɗaci suke tuna inda yake. Marasa kunya. Marasa tausayi."

Ta dawo ta zauna a tabarmar, kusa da Amarya fiye da yadda ta saba, ta jawo farantin shinkafa ta fara tsinta. Ta daɗe tana tsinta kafin ta ce, "Ke kuma haka ake yi? Ki bar tsohuwa ta yi ta ɗaukar alhakinki?"

"Ba ki ɗauki alhakina ba, Inna. Jika kike nema."

"Rufe mini baki." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce tsakuwa ta yi yawa a shinkafar nan, a daina saye wajen mai ita.

Juma'ar da ta biyo ta zo da kwalbar nan dai, an wanke ta tas, cike da zuma. Ta ajiye gaban Amarya, ta ce safe da yamma, kuma kada a ba wasu ko cokali ɗaya.

Lafiya ta dawo a hankali, ba kamar ta da ba, amma ta isa. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka haifi 'yarmu, daga baya namiji. Na ƙara shekara uku da wani abu a kan keke kafin motocin rabo su kore mu daga sana'ar. Gammon ya yage sau biyu, sau biyu ta sake masa riga. Cikin Amarya kuwa bai koma daidai ba. Har yau ba ta cin yaji, ba ta shan tsami, da azumi takan wuni dafe da ƙirji. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya ce abubuwa da yawa kan kawo shi. Shi ya sani. Ni dai na san abin da na ga ana sha ina juya feda.

Matashin nata yana nan da rabinsa, ya kwanta kamar waina. Sau biyu na sayo mata na soso, ta ba yara. Na ce to mu yi musaya, ki ɗauki nawa cikakke. Ta ce wuyanta ya saba. Sai dai in ta fita unguwa nakan farke bakin nawa in ɗebi auduga cikin tafi ɗaya in ƙara a nata, in ɗinke da irin ɗinkina na maza. Ta sani, don zaren ba iri ɗaya ba ne. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma haka.